Hannunki Na Dama Aikina Ne

Ƙauran Namoda,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta same ki zaune a ɗakinki na Zurmi, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa. Allah ya sa motar da za ta ɗauke ki gobe, ke da mijinki Malam Bello, ta wuce duk dajin da ake yin shiru a cikinsa ba tare da ko kare ya yi muku haushi ba. Innarki na gaishe ki. Ta ce in rubuta cewa gobe ba za ta yi kuka ba. Na rubuta, amma ban sa hannu a kai ba.

Za ki iske takardar a ƙasan akwati, tare da wani ƙunshi mai tauri. Kada ki buɗe ƙunshin sai kin kai ƙarshen karatu. Na san halinki, kin riga kin fara kwance shi. To mayar.

Kin san a aji huɗu na bar makaranta, ranar da na gane cewa aska ta fi alƙalami jin maganata. Saboda haka ki ajiye jan biro ɗinki, Malama, wannan ba aikin ɗalibi ba ne. Abin da ya sa na rubuta maimakon in faɗa shi ne, bakina bai iya zama wuri ɗaya ba. Sau uku cikin watan nan na kira ki zaure don in yi miki magana mai nauyi, sau uku muka tashi kina dariya, ni kuma ban faɗi komai ba. Ga kuma kunya. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban taɓa kiran ki da shi ba, kuma akwai abin da ɗa ba ya iya faɗa wa uwarsa yana kallon idonta.

Bari in fara da abin da ke da daɗi. Ina alfahari da ke. Wata goma kika yi tsakanin gidan nan da babban asibiti. Aka yi miki aikin sankarar mama, aka ba ki maganin nan na ƙarin ruwa wanda ya yi miki aski tas ba tare da ya jiƙa kai ba, abin da ni da shekara arba'in a sana'a ban iya ba. Aka kuma sa ki a injin nan mai ƙone ciwo da haske. Duk wannan ban ji kin ce "don me ni" ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne tun ranar farko ba ki ɓoye ba. Kin ji ƙullutu, kin faɗa, kin tafi inda ake dubawa. Innarki wata bakwai ta yi tana ɓoye nata. Yanzu ga ki za ki koma gaban allo, ki koya wa 'ya'yan mutane rubutu da hannunki na dama. Duk wanda ya zauna a gabana don aski a watannin nan, sai ya ji labarinki kafin in sake shi, kuma mutum da aska a wuya ba ya cewa ya gaji da saurare.

To a kan hannun nan na dama zan yi magana, don shi ne gefen da aka yi wa aiki.

Kin daɗe kina ganin hannun Innarki na hagu, wanda ita da kanta take kira taɓarya. Shekara goma sha biyu ke nan ba ta sa rigar da ba a buɗe wa hannu ba. Ba ta iya ɗaura ɗankwali da shi, ba ta iya tuƙa tuwo. Lokacin da abin ya faru kina kwalejin horon malamai, muka ce miki ciwon ne ya bar shi haka. Gaskiya ne, amma rabi. Ragowar rabin shi ne ubanki, kuma yau zan ba ki shi, don kada a maimaita a jikinki.

Ga yadda malamar asibiti ta fahimtar da ni daga baya. Ciwon yana da suna na Turanci wanda haƙorana da suka rage ba su iya riƙewa, mu dai kumburin hannu muke cewa. Ta ce in tuna lambu a fadama. Ban da jini, akwai wani ruwa fari da ke yawo a jiki ta ƙananan hanyoyi, kuma na hannu duk ta hammata yake wucewa, ta cikin 'yan kaluluwan nan. In an cire wasu daga cikinsu lokacin aiki, ko inji ya taɓa su, kamar an toshe babbar hanyar ruwa ce. Ruwan zai nemi ƙananan hanyoyi ya bi. In an bi shi a hankali, sau da yawa yakan wuce lafiya. In aka ƙara masa aiki da rauni ko ƙwayar cuta, sai ya kwanta a hannu. Ta ce ba kowa yake samu ba, kuma yana iya zuwa bayan wata kaɗan ko bayan shekaru. Na fahimta sarai. Matsalar dai ita ce sai bayan da na gama ɓarna aka yi mini karatun.

Wautata ta farko ta fara ne ranar da muka dawo da Innarki gida. An ba ta takarda mai zanen mutum yana ɗaga hannu, yana hawa bango da yatsu. Na duba na ce wannan wasan yara ne. Ni na san rauni: wurin da aka yanka hutu yake so. Na ɗauko tsohon rawanina na rataye mata hannun a wuya kamar mai karaya, na ce kwana arba'in. Takardar kuwa na naɗe sabulun aski da ita.

Ta ce, "Malam, sun ce in riƙa motsa shi."

Na ce, "Su sun yanka, ni zan warkar. Kowa da aikinsa."

Da kwana arba'in suka cika muka kwance, kafaɗa ta ƙi tashi. Ko kunnenta ba ta iya kaiwa. Sai na juya gaba ɗaya, na ce ai rashin aiki ne, ta koma daka. Daga hannun da bai ɗauki cokali ba sai ga shi da taɓarya a kan turmin gero, rana ɗaya.

Ke kada ki yi ko ɗaya cikin biyun. Motsin da suka koya miki, ki riƙa yin sa kullum kamar yadda na ga kina yi a bangon tsakar gida. Hannu yana son aiki, motsi ne ke tura ruwan. Amma a hankali ake ƙarawa. Yau rabin bokiti, bayan kwanaki ki ƙara kaɗan. In kin ji ya yi nauyi ko ya gaji, ki tsaya, ki ɗora shi a kan matashi ya huta. In kina rubutu a allo, ki riƙa saukewa tsakani, ki tambayi yara tambaya, su yi ta zare ido ke kina hutawa. Bulala kuwa ki bar ta gaba ɗaya. In ya zama dole, hararar Innarki da kika gada ta isa.

Wauta ta biyu ta soyayya ce, ita ta fi ba ni kunya. Da ƙaramar salla ta matso, na ga Innarki ta daina duba madubi. Na hau babur na tafi kasuwar Shinkafi, garinsu, na zaɓo mata awarwaro guda shida masu kyalli. Ban san awon hannunta ba, shekara ashirin da aure. Na ce ta sa a hagu, don hannun ya san ba a yi fushi da shi ba. Sai da muka sa sabulu suka shiga. Sati uku tana sanye da su. Wata rana tana alwala na ga sun nutse, nama ya tashi gefe da gefe.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan ga, yau ka fara sayo mini abin da ba tukunya ba. In ce ya matse ni?"

Maƙeri muka kira ya yanke su.

Uwata, ki lura da kyau. Abin da ya cuce ta a nan kunya ce da kara. Duk abin da zai matse hannun nan, ko zobe, ko agogo, ko hannun riga mai roba, ko igiyar jaka a kafaɗa, ki mayar da shi hagu ko ki kyautar. Jakar littattafanki a hagu. In kin hau babur zuwa makaranta, kada ki rataya kaya a dama ki yi ta riƙo har hannu ya sage. In Malam Bello ya sayo miki zobe ya matse, ki faɗa masa. Namiji ba ya mutuwa don an ce bai iya awo ba, ga ni nan da raina. A asibiti ma, in za a ɗaura miki abin awon jini ko a yi allura, ki miƙa hagu ki ce an yi miki aiki a dama. In wata rana babu yadda za a yi sai a daman, kada hankalinki ya tashi, ki dai faɗa musu su sani.

Akwai kuma ta abinci, wadda ba zan ja ba. Na ga ta rame, na ɗauka lafiya ita ce ƙiba. Fura da nono da safe, ƙosai, tsire da yamma, duk wanda ya biya ni aski da zabo ita ke ci. Ta cika, na yi ta nuna ta ga baƙi kamar ragon layya. Ashe nauyin jiki ƙara wa hannun kaya yake. Ki ci ki ƙoshi, amma kada ki bar dangin miji su yi kiwonki. Ki riƙa tafiya a ƙafa in hanya da lafiya.

Yanzu ga babbar.

Wajen wata takwas bayan aiki, Innarki ta ce hannun yana mata nauyi, kamar ta sa rigar da ta jiƙe. Na duba, na ga bayan hannun ya ɗan tashi, jijiyoyin da ake gani sun ɓace. A lokacin nan, in da mun koma asibiti, abin ƙarami ne. Haka suka gaya mini. Amma ni wanzami ne ɗan wanzami. Duk kumburin da na taɓa gani a duniya, sunansa ɗaya a wurina, mataccen jini. Kuma maganinsa yana rataye a zabirata. Mutane na zuwa daga ƙauyuka in yi musu ƙaho su tafi suna sa mini albarka. Sai matata ce zan ɗauka in kai wa wasu?

Da hantsi ne, ranar Talata. Na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, na wasa aska har tana aske gashin hannuna. Na kafa ƙaho uku, biyu a damtse, ɗaya a bayan hannu. Na tsaga, na zuƙa, na toshe. Ina yi ina ba ta labarin ban dariya, kamar yadda nake wa kowa. Da na cire ƙahon farko, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Jinin kaɗan ne. Sauran wani ruwa ne fari-fari mai ɗan rawaya, kamar ruwan da ke kwanciya a kan nono.

Innarki ta leƙa ta ce, "Wanga ne mataccen jinin?"

Na ce, "Ya mutu ƙwarai, shi ya sa ya yi fari."

Ta yi dariya. Ni ma na yi. Amma na san ban san abin da nake kallo ba.

Tsagar ƙaho takan kame kafin la'asar. Waɗannan ba su kame ba. Kwana biyu suna tsatsafo da ruwa, muna canza tsumma. Rana ta uku hannun ya yi ja, ya ɗauki zafi kamar an ajiye shi kusa da murhu, sanyi ya kama ta tana rawar ɗari da rana tsaka. A nan ma ban saduda ba. Na dafa ruwa da ganye na yi ta gasa mata, na aika aka sayo maganin zazzaɓi. Kwana biyu na ƙara ɓatawa. Ba don ban ga ya lalace ba. Tsoro nake ji a tambaye ni wa ya yi tsagar.

Ita ce ta ce, "Malam, ko ka kai ni, ko in fita in tari mota da kaina, unguwa ta gani."

Kwana tara ta yi a gadon asibiti ana ba ta magani ta jijiya. Malamar da na gaya miki ta duba tsagar, ta dube ni, ta dubi zabirar da na manta ban ajiye a gida ba. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi sauƙi. Ta ce, "Baba, hannunka na da kyau, tsagar a jere take. Sai dai wannan hannun nata ba shi da masu gadi, an cire kaluluwan da ke tare cuta. Ƙofa uku ka buɗe wa cuta." Ta ce kumburin ya riga ya fara kafin ƙahona, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma cutar da ta shiga ta ƙara lalata 'yan hanyoyin da suka rage. Zazzaɓi ya tafi, hannu bai koma ba.

Innarki ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har 'yan'uwanta. In mun yi faɗa dai takan ɗaga hannun da ɗayan ta ajiye shi a gabana. Shekara goma sha biyu ban ci gardama a gidan nan ba.

Saboda haka ki ji daga bakin mai sana'a. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba gashi da ruwan zafi, ba matsa da ƙarfi a wurin mai ɗori, a hannun nan ko kafaɗar ko gefen ƙirjin. Ba kuma maganin sa fitsari daga kemis don wai ya zuƙe ruwa. Fatar hannun nan ita ce katangarki, ki kiyaye ta. Ki shafa man kaɗe kullum kada ta tsage. Ki kwana cikin gidan sauro, in ya cije ki kada ki sosa har ya fashe. In kina suya ki ja baya daga mai, in kina yankan kuɓewa ki kalli wuƙa, ki bar kallon wanda ke ba ki labari. Farce da abin yanke farce, ban da reza. Baƙin lallen nan na zamani mai cin fata, ki bar wa 'yan mata. In kuma kin yanke, don mai rai ba ya rasa yankewa, ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, ki sa maganin rauni, ki rufe, ki riƙa dubawa.

Akwai wata magana da ta fi dacewa da bakin Innarki, amma fannina ce. Hammatar da aka yi wa aiki ba ta ji sosai, reza za ta iya yanka ki ba ki sani ba. Ki rage da almakashi a gaban madubi. Na tambayi limaminmu ko ya halatta, ya ce inda akwai cutarwa addini bai matsa ba. Na gama, kada mu sake tayar da zancen har abada.

Na sa miki tef ɗin tela a aljihun akwati. Yadda suka auna ki a asibiti, a wuyan hannu, ƙasan gwiwar hannu da samanta, haka za ki sa Malam Bello ya riƙa auna hannu biyun lokaci-lokaci, ku rubuta a bayan littafi. Amma kada ki jira tef. In kin ji nauyi, ko fata na ja, ko hannun riga ya fara kama ki a gefe ɗaya, ki koma wurinsu cikin kwanakin, kada ki ce sai hutun makaranta. Suna da safar hannu da suke aunawa daidai mutum, da irin tausa mai laushi da suke koyarwa, kuma da wuri abin yana jin magana. In kuwa kin ga ja, da zafi, da zazzaɓi, wannan na ranar ne. Ki bar aji, ki bar tukunya a wuta, ki tafi. Ranakun da suka ba ki na komawa, ko kina jin kin fi doki lafiya, ki je. In kuma duk kin kiyaye ya zo, kada ki zauna kina tuhumar kanki, ko ki ɓoye shi cikin hijabi. Wani yakan zo ko an yi komai daidai. Ɓoyewa ce kawai ba ta da uzuri, ni na gwada ta.

Duk wannan na san za ki iya, kin fi ni karatu. Abin da ya hana ni sukuni mutum ɗaya ne, Baffanki Ɗanjuma.

Yayana ne, shi ya koya mini riƙe aska, kuma gidansa da naki a Zurmi layi biyu ne tsakani. Yana son ki fiye da 'ya'yansa. Ranar da ya ji an ce hannunki ya yi nauyi, zai iso da zabira kafin ki gama sallama. Ke kuma na san ki. Kina iya tsayawa gaban likita ki yi masa tambaya goma, amma ba ki iya cewa a'a ga tsohon da ya yi miki kiran salla a kunne ranar da aka haife ki. Za ki miƙa hannu don kada ransa ya ɓaci, kamar yadda Innarki ta sa awarwaro.

Shi ya sa makon jiya muka ce miki za mu gaisuwar rasuwa. Ƙarya ce, wurinsa muka je. Innarki ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta janye mayafi ta nuna masa hannun. Ni kuma na faɗi abin da na yi, karo na farko a gaban wani. Ya sa tabarau, ya juya hannun, ya daɗe yana duba tabon.

Ya ce, "Garba, nan ka kafa?"

Na ce, "Nan, Yaya."

Ya ce, "Ka yi ƙasa da yawa. Tun kana yaro nake gaya maka, kana da gaggawa."

Na ce, "Yaya, ba wurin ba ne. Ko ina aka kafa haka za a samu. Ba jini ba ne a ciki."

Ya ce, "Likita ya gaya maka, ko kai ka gani?"

Innarki ta ce, "Yaya, ni na gani. Ni ke ɗauke da shi."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya sa aka kawo mana fura. Amma na san halin yayana. Bai yarda ba. A ransa, ƙanensa ne ya ɓata aiki, shi da ya yi da an ga daidai. Kuma ba ni da bakin da zan ba shi umarni.

A hanyar dawowa na yi ta tunani har na tuna abu ɗaya da bai taɓa karyawa ba. A sana'armu, in wanzami ya jiƙa kan mutum, ko ya shafa ruwa a wurin da zai yi wa aiki, wurin ya zama nasa. Wani wanzami ba ya sa ƙarfe a nan sai mai aikin ya ce ya saki, ko da shekara nawa za a yi. Babanmu ya taɓa korar Yaya daga zaure wata guda saboda ya ƙarasa askin da wani ya fara. Tun ranar bai sake ba. Likita ba zai hana shi ba, ni ma ba zan iya ba, amma wannan zai hana shi.

Kin tuna yau da safe, da na ce ki kawo hannu in gani, na tsoma yatsu a kofin zabira na shafa miki ruwa tun daga kafaɗa har yatsu? Kika ce, "Baba, alwala kake mini?" Na ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Innarki na tsaye, liman na zaure, duk sun shaida.

Yanzu buɗe ƙunshin. Ƙahon da na kafa wa Innarki a bayan hannu ne. Tun ranar ban sake aiki da shi ba. Yaya zai gane shi, don na babanmu ne, shi ya ba ni. Ki rataye shi a ƙusa a bayan ƙofarki. Ranar da Baffanki ya zo da zabira, kada ki yi masa gardama, kada ki kawo masa zancen asibiti. Ki shimfiɗa masa tabarma, ki kawo ruwa, ki gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ki ɗauko ƙahon ki ajiye a gabansa ki ce, "Baffa, Baba ya riga ya jiƙa." Zai yi tsaki, zai ce ƙanensa ya raina shi, zai kira ni a waya ya wanke ni tas. Wannan rabona ne, na saba. Ke dai ba ki ce masa a'a ba, kuma hannunki na nan. Duk wani mai magani da dangi za su kawo miki, amsar ke nan: ubana wanzami ne, aikinsa ne, a tambaye shi.

A rayuwata ban taɓa jiƙa wuri na bar shi ba, ko ana ruwa ko ana kiran salla. Wannan ne na farko, kuma shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Ba zan gama shi ba, ba kuma zan sake shi ba. In na mutu ban ce na saki ba, to ya zauna haka.

Allah ya tsare ki a hanya da gida da makaranta. Allah ya kwantar da ƙasarmu, ya sa mu riƙa zuwa Zurmi ba tare da an tsaya tambayar direba labarin hanya ba. Allah ya hana ciwon dawowa, ya bar miki hannunki sakayau har ki ɗauki jikokinki da shi. Ki gaishe da Malam Bello, ki ce na gode da haƙurinsa, kuma sumarsa ta isa aski. In kin amsa wasiƙar nan, ki rubuta da hannun dama, in gani. Kurakuran rubutuna kuwa ki bar su yadda suke.

Wassalam.

Ɗanki kuma ubanki,
Garba Wanzami.